Fatalwa da Iskoki: Yawon Dare a Turai da Tarihin Zariya



Lokacin da nake karatu a ƙasar Birtaniya, wani dare na bi ayarin mutane a birnin Edinbara. Kowa ya biya kuɗi, jagora yana gaba da fitila, yana kai mu lungu-lungu har maƙabartar Greyfriars, yana nuna inda aka ce fatalwa na fitowa. Irin wannan yawo sana'a ce sosai a can, musamman a birnin York. Ban ga fatalwa ba, amma na koma masauki da sanin tarihin annoba da rikicin addini na ƙarni na 17 fiye da abin da na taɓa karantawa. Tsoro ne ya riƙe kunnuwanmu har tarihin ya shiga.

To, ko za a iya yin haka a Zariya? Kafin a amsa, sai a lura da wani bambanci. Fatalwar Bature mamaci ne mai suna da shekarar mutuwa, wanda aka zalunta ya ƙi kwanciya. Bahaushe ya san kalmar fatalwa, amma ba ita ce ta cika masa dare ba. Abin da yake shakka shi ne iskoki, waɗanda ba matattu ba ne, halitta ce daban mai sarauta da birninta, wato Jangare. Mazauninsu duwatsu ne da tsofaffin rijiyoyi da gindin kuka ko tsamiya. Saboda haka labarinsu ya fi ba da tarihin wuri bisa ga tarihin mutum guda. Tarihin Kano ya fara ne da Barbushe da Tsumburbura a Dala, na Daura kuwa da macijin rijiyar Kusugu.

Nan ma haka abin yake. Dutsen Kufena, da ke yamma da birni, da Madarkaci, da Turunku inda ake danganta Bakwa da Amina, duk wurare ne da aka daɗe ana jin kwarjininsu. Binciken da J.E.G. Sutton ya yi a shekarun 1970 ya nuna tsofaffin ganuwoyi a kewayen Kufena. Ashe inda jama'a ke cewa akwai mutanen ɓoye, sau da yawa kufai ne na mutanen da. A ganina ma wannan tsoron ne ya daɗe yana kare wasu itatuwa daga gatari. Yanzu tsoron ya ragu, ganuwar Zazzau kuwa ana ta haƙar ƙasarta ana gini, tsofaffin da suka san sunan kowace ƙofa da abin da ya faru a bakinta suna ƙarewa.

Na san wani zai ce wannan farfaɗo da bori ne. Ba kiran iska ake nufi ba, kuma ba na goyon bayan a kwaikwayi Turawa a riƙa shawagi cikin maƙabarta da dare, don mu wurin addu'a ne. Abin da nake nufi shi ne ɗalibai su tashi daga nan Kongo bayan la'asar, su ratsa Tudun Wada, su shiga ta Ƙofar Doka tare da dattijon unguwa, yana faɗi suna rubutawa, su juyo kafin magariba, lokacin da iyayenmu mata ke cewa a shigo da yara.