Labarin Runda, Birnin Kan Dutse a Andalus

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yau ga labarin Runda, wadda Turawa ke ce wa Ronda, a kudancin ƙasar Sifen.

Wanda duk ya karanta Hikam ta Ibnu Aɗa'illahi ya san Ibnu Abbad Arrundi, mai sharhinta. To, a garin nan aka haife shi, ya rasu a Fas cikin 1390 yana limamin masallacin Ƙarawiyyin. Abul Baƙa'i mai marsiyyar Andalus shi ma da garin ake danganta shi. Ibnu Baɗuɗa ya sauka nan, ya tarar ɗan baffansa ke alƙalanci, kana ya ƙetare Sahara zuwa Mali da Takadda.

Garin bisa dutse yake, wani kwazazzabo mai zurfin fiye da ƙafa 300 ya raba shi biyu, kogi na gudu ƙarƙashi. Saboda haka ya daɗe yana gagarar mayaƙa. Amma fa mutane na sama, ruwa na ƙasa. Sai aka sassaƙa matakala wajen 200 cikin dutsen, kamammun yaƙi na hawowa da salkuna. Cikin 1485 Sarki Fernando ya kewaye garin da igwa, mutanensa suka tare hanyar ruwan nan, ba a yi kwanaki da yawa ba aka sallama. Cikin 1492 Garnaɗa ta bi baya.

Yau babban masallacin ya zama coci, amma baƙo na iya ganin saurar mihirabinsa. Akwai wata hasumiya tsaye, da gidan wanka na Musulmi, da babbar gadar da aka gama cikin 1793. Kewaye da garin gonakin inabi ne. Wani ƙwaro ya cinye su a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka sake dasawa, mutanen ƙasar na matsa giya da shi. Inabi da zabibi halal ne, giya kuwa hukuncinta ba ya ɓuya ga almajiri.

Jama'a, mu yi tunani. Ganuwar Runda ba ta tsare ta ba, da yake ruwanta na hannun abokan gaba. Littafin Ibnu Abbad kuwa har yanzu ana biya shi a zaurukanmu. Mai dukiya ya duba inda zai ajiye ta. Allah ya sa mu dace, amin.