Tsamin kunun zaki: yadda ake kama shi kafin ya cinye jari

A ƙungiyoyin da nake zagayawa daga Panshekara zuwa Kumbotso da Tamburawa, sana'ar da mata suka fi karɓar rance dominta ita ce kunun zaki. Dalili a fili yake. Masana'antun Challawa na kusa da mu, musamman na jimar fata, kuma ma'aikata da 'yan dako da direbobin manyan motoci kullum suna neman abin sanyaya maƙoshi. Amma kunu ba kamar gyaɗa ko sabulu ba ne da za ki ajiye sai mai saye ya zo. Abu ne mai rai, yana canzawa daga safe zuwa yamma. Wadda ta gane sirrin tsaminsa ita ke cin riba.

Daga ina tsamin yake fitowa?

A jikin gero da dawa da alkama akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Irinsu ne suke mai da madara ta zama nono. Idan ƙullu ya kwana, sai su ci zaƙin da ke ciki su bar ɗan tsami mai daɗi. Wannan tsamin shi muke so, domin shi ke sa kunu ya kashe ƙishi.

Sai dai ba su kaɗai ba ne a cikin roba. Akwai yis, irin wanda ke tayar da funkaso. Idan kunu ya daɗe cikin zafi, yis zai ci sukarin ya fitar da iska, ya kuma fara haifar da barasa. A birnin Balin na ƙasar Jamus akwai wata giya mai tsami da ake yi da alkama, kuma da waɗannan halittu biyu ake yin ta. Bambancin shi ne su da gangan suke barin yis ya gama aikinsa, mu kuwa tare shi muke yi tun bai yi nisa ba. Ba abin da muke sha ba ne, ba kuma abin da za mu sayar wa jama'a ba ne.

Yadda nake koyar da haɗin

A jiƙa gero mudu ɗaya ya kwana. Mai so tana iya ƙara gwangwani biyu na alkama, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura, don tana sa kunu ya yi laushi a baki. Da safe a rege, a wanke, a kai niƙa tare da citta, kanumfari, masoro da busasshen dankalin Hausa.

A raba ƙullun kashi uku. Kashi biyu a sheƙa musu tafasasshen ruwa, a dama har su yi kauri. Kashi ɗaya a bar shi ɗanye, shi ne gasara. To a nan ne mata da yawa ke yin gaggawa. Kada ki zuba gasarar sai damammen ya huce, yadda za ki iya riƙe gefen robar ba ki janye hannu ba. In da zafi sosai, kin kashe abin da zai kawo zaƙi da tsami, kunun ya fito salam. In kin zuba a daidai, za ki ga kaurin ya saki ya tsinke. Dankalin ne yake narkar da shi ya mai da shi zaƙi, kuma tsiron dawa ko na shinkafa ma yana yin wannan aikin.

A rufe ya kwana, da asuba a tace. Sukari kuwa sai za a fita da shi, domin shi ne abincin yis.

Lokaci da ruwa

Da hunturu kunu yana jinkirin tsami, sai ki ajiye shi a ɗaki mai ɗumi. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano, ki haɗa shi bayan isha, ki tace da asuba, ki sa ƙanƙara a kula. Wanda aka yi yau a sayar yau.

Ga alamun ya wuce: gora ta kumbura, murfi na huci in an buɗe, kumfa na tasowa, wari na hawa hanci. Kin ga haka, ki zubar. Ƙara sukari ba ya gyara shi, sai ma ƙara rura shi. Mai saye ɗaya da cikinsa ya ɓaci zai faɗa wa duk abokan aikinsa.

Game da ruwa, kada a ɗebo daga kogin Challawa ko rijiyar da ke bakin magudanar masana'antu. Ruwan jimar fata yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. A nemi na burtsatse ko famfo mai tsabta, a wanke goruna da ruwan ɗumi da sabulu.

Me ake ci da shi?

Tsami yana wanke maiƙo daga baki, shi ya sa kunun zaki ya fi dacewa da abin da aka soya ko mai yaji. Da safe, ƙosai ko waina. Da rana, gurasa bandashe da ƙuli-ƙuli da albasa, ko ɗanwake da mai da yaji. Funkaso ma yana tafiya da shi. In alkaki ne, a rage wa kunun sukari tunda shi ma zaƙi gare shi. Shawarata ita ce mata biyu su haɗa kai, mai kunu ta zauna kusa da mai ƙosai. Wanda ya sayi ɗaya da wuya bai nemi ɗayan ba.

Kafin a buɗe akwati

Irin wannan asusu namu, tun da ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara a Nijar a 1991, amana ce ginshiƙinsa. Kuɗin da za ki ranta gumin 'yar uwarki ne. Ki lissafa: in kin cika gora 40, goma suka lalace, kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinki ya tafi, kuma sau da yawa ribar ke nan ɗungurungum.

Saboda haka ki fara da mudu ɗaya na mako guda. Ki riƙa rubuta abin da kika kashe kan hatsi, niƙa, itace, sukari, ƙanƙara da kuɗin mota, da yawan gorar da ta dawo. Wadda ba ta rubutu, magatakarda ta taimaka mata. Ki lura da lokacin tashi da na hutun ma'aikata, da ranakun da ba a aiki. Sai kin ga kuna rabuwa da kayanki kafin azahar kwana bakwai a jere, sannan ki nemi ƙarin rance. Sannu ba ta hana zuwa.

A taron mako mai zuwa, kowace mai kunu ta zo da gora ɗaya mu ɗanɗana, mu gaya wa juna gaskiya. Allah Ya sa wa nemanmu albarka.