Rashin Haihuwa: A Fara Auna Maigida

A Jikwoyi, unguwar da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a gefen birnin Abuja, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan acaɓa ne suka fi yawa, akasarinsu matasan magidanta. A nan, kamar sauran garuruwanmu, idan aure ya shekara biyu ko uku ba a ji kukan jariri ba, sai idanu su koma kan matar. Ita za a kai wa malamai da masu magani, ita za a kira juya, daga bisani a yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda. Maigida kuwa ba mai tambayarsa, domin a ganin jama'a namijin da ke iya kusantar iyalinsa ba shi da laifi.

To, likitoci sun ce wannan kuskure ne babba. Kuzari a shimfiɗa daban, haihuwa daban. Cikin ma'auratan da suka rasa haihuwa, kusan rabi akan tarar akwai matsala a wajen mijin, ko shi kaɗai ko tare da matar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa. A wajen likita, rashin haihuwa shi ne ma'aurata su shekara guda suna tare, ba tare da tsarin iyali ba, amma ciki bai shiga ba.

Asalin abin yana cikin maniyyi, watau ƙwayoyin haihuwa da ke cikinsa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Maraina ne ke yin su, kuma sukan ɗauki kwana 74 ko kusa da haka kafin su nuna. Bisa ma'aunin da hukumar ta fitar a 2021, ana son a sami aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ɗaya, kashi 42 cikin ɗari kuma suna motsi. Wani nasa kaɗan ne, wani suna da yawa amma ba sa tafiya, wani kuwa ruwan ne kawai babu ko ɗaya.

Dalilan suna da yawa. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda yake ɗumama su, alhali kuwa an halicce su a waje ne domin su fi jiki sanyi. Akwai ciwon sanyi da sauran cututtukan jima'i, waɗanda idan ba a warkar da su sosai ba sukan toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Hangum idan ya kama namiji bayan ya balaga yakan sauka maraina ya lalata su. Yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, in ba a yi masa aiki tun yana ƙarami ba, yakan girma da matsalar. Sa'an nan ga ciwon sukari, da ƙiba, da taba, da giya, da wiwi, da maganin feshi na gona, da yawan zama cikin zafi. Wani kuwa haka aka halicce shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, allurar sinadarin maza da wasu ke yi don neman kuzari tana rage ƙwayoyin, har ta tsayar da su. Haka nan magungunan ƙarfin maza da ake talla da lasifika a tashoshin mota, mai sha bai san abin da aka zuba a ciki ba, kuma ba za su buɗe hanyar da ta toshe ba.

Gwajin namiji kuwa ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaji, in sakamako bai yi kyau ba a sake aunawa bayan wasu makonni. Mazaunin Jikwoyi yana iya fara ganin likita a babban asibitin Nyanya ko na Karshi, daga nan a tura shi wurin ƙwararru in da bukata.

Magani ya danganta da dalili. Cuta a kashe ta da maganin asibiti, miji da mata tare. Kumburin jijiya da toshewar hanya a yi musu tiyata. Ƙarancin sinadari a ba da magani a hannun likita. Amma sai an yi haƙurin wata uku kafin a ga canji, gwargwadon lokacin da sababbin ƙwayoyi ke nuna.

In duk wannan bai yi ba, akwai sauran dabara. A 1978 aka haifi jaririya ta farko a Ingila ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, a mayar cikin mahaifa. A 1992 likitoci a Beljiyam suka yi nasarar cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace da allura, abin da ya buɗe ƙofa ga mai ƙwayoyi kaɗan. A 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan haihuwa ta ɗakin gwaji a asibitin Nisa a Gwagwalada. Tun 1980 Muftin Masar ya ba da fatawa cewa ya halatta, muddin ƙwan da maniyyin na ma'auratan ne kuma aurensu yana nan. Sai dai aikin yana da tsada ƙwarai, kuma ba kullum yake kamawa ba.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba ya hana tawakkali. Kafin a ɗora wa 'yar mutane laifi, ko a ƙara aure a ƙara yawan masu jira, ya kamata maigida ya fara kai kansa asibiti. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.