Gafiya: Maƙwabciyar da ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu

Duk wanda ya taɓa ajiye buhun masara ko na gyaɗa a sito a nan Zongo ya san gafiya, ko da bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ana gane zuwanta ne da abin da ta bari a baya: buhu a huje ta gindi, ko tulin sabuwar ƙasa a jikin katanga, ko kuwa kwaryar wake da aka bari cike da daddare aka wayi gari ta koma rabi. Mun saba da tsine mata, yaranmu kuma sun saba da binta da sanda, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda take rayuwa. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya dace mu dubi wannan dabba da kyau, domin abincin gidajenmu da lafiyar 'ya'yanmu suna da alaƙa da ita fiye da yadda muke zato.

Kamanninta da inda ake samunta

Gafiya na daga cikin manyan dangin ɓera na duniya. Babba daga cikinsu takan kai kusan santimita 90 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, kusan rabin wannan tsawo kuwa wutsiya ce, nauyinta kuma yakan kama daga kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi. Bayanta ruwan toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, cikinta ya fi haske, kunnuwanta manya ne marasa gashi sosai. Alamar da ba ta ɓata ita ce wutsiya: rabin da ke kusa da jiki baƙi ne, rabin ƙarshe kuwa fari fat, kamar an tsoma shi a farar ƙasa. Wasu suna kiran ƙaton namijinta burgu. Kada a rikita ta da gyazbi, wanda maƙwabtanmu na Lome ke kira agouti, domin shi gajerar wutsiya gare shi da gashi mai kaushi, kuma a cikin ciyawa da rake yake rayuwa.

Wani masanin dabbobi ɗan Ingila mai suna Waterhouse ne ya rubuta bayaninta a 1840, ya laƙaba mata sunan Cricetomys gambianus, wato ya jingina ta ga ƙasar Gambiya, shi ya sa har yau a littattafan lakwal ake ce mata rat de Gambie. Amma Gambiya ɗan yanki ce kawai daga ƙasarta. Ana samun gafiya tun daga Sanagal har tsakiyar Afirka, a daji da gona da cikin birni. Tana da 'yar'uwa mai santsin gashi da ke zaune a dazuzzuka masu duhuwa, da kuma wata a gabashi da kudancin nahiyar.

Babban abin da ya bambanta ta da ɓeran gida shi ne kumatunta. A cikin kowane kunci tana da jaka mai buɗewa, inda take cusa ƙwayar hatsi ko gyaɗa ko kwakwar manja har sai fuskarta ta kumbura ta ninka. Ba ta zama ta ci a inda ta samu, sai dai ta yi ta jigila tsakanin sito da raminta har gari ya waye. Wannan ne dalilin da ya sa ɓarnarta ta dare ɗaya takan wuce abin da cikinta zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun lura da wannan hali tun tuni, shi ya sa suka ce gafiya tsira da na bakinki.

Gidan da ke ƙarƙashin ƙasa

Gafiya ba ta gani sosai, hanci da kunne da gashin baki su ne jagoranta, kuma da dare take fita. Da rana tana can cikin rami. Takan zaɓi wurin da ke da inuwa da sanyi, kamar gindin bishiya tsakanin saiwoyi, ko tsohon suri da gara ta bari, a birni kuwa gefen kwata, ƙarƙashin dandamali, bayan masai, ko inda aka tara itace da tarkace. Ramin yana da tsari irin na gida. Akwai doguwar hanya da ke kaiwa ɗakin kwana wanda ta shimfiɗa wa ganye, akwai rumbunta inda take tara abin da ta kwaso, sannan takan ware wani lungu domin bayan gida. Sau da yawa ƙofar ba ɗaya ba ce, shi ya sa mai haƙa ta nan sai ya ga ta ɓulla ta can. Mafarauta kan tarar da abubuwan mamaki a rumbun nata, har da tsabar kuɗi da murfin kwalba da guntun sabulu. Cikin macen wata guda ne ko ɗan fiye, takan haifi 'ya'ya daga 1 zuwa 5, kuma tana iya haihuwa sau da dama a shekara idan abinci ya wadata.

Yanayin ƙasar Lome yana da hannu a wannan lamari. Tsakanin teku da tafkin da ya raba birnin yashi ne, rami ba ya daɗewa bai rufta ba sai ya jingina da gini. Daga Tokoin zuwa arewa kuwa jar ƙasa ce mai ƙarfi wadda ke riƙe rami shekara da shekaru. Lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka mai da iyayenmu arewa wajen Agoe da Togblekope, gonaki da saura ne suka tarar a wurin. Ke nan mu ne muka gina a kan gidan gafiya, muka kuma kawo mata sito da juji har bakin ƙofa. Idan damina ta yi ƙarfi kogin Zio ya tumbatsa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2008, ruwa kan cika ramuka, mazauna cikinsu kuma su nemi tudu, tudun kuwa ɗakunanmu ne.

Takwarorinta masu haƙa

Gafiya dai haya take yi a ƙarƙashin ƙasa, tana fita kowane dare. Akwai waɗanda can ne duniyarsu gaba ɗaya. A ƙasashen Amurka, tun daga kudancin Kanada har Panama, akwai wani dangi mai kusan iri 40 da ake kira gofa mai aljihu. Tsawonsa daga santimita 15 zuwa 35 ne, idanunsa da kunnuwansa ƙanana, faratan gaba dogaye. Shi ma yana da jaka a kumatu, sai dai tasa ta waje take buɗewa, an lulluɓe cikinta da gashi, yana iya juya ta kamar yadda ake juya aljihun riga a kakkaɓe. Leɓɓansa suna rufewa ta bayan haƙoran gaba, don haka yana sarar ƙasa da haƙori ba tare da ta shiga bakinsa ba. Shi kaɗai yake zama a raminsa, yana cin saiwa daga ƙasa, manomi ba ya ganin komai sai tulin ƙasa da shukar da ta bushe a tsaye.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu sami mai irin wannan rayuwa. A 1900 wani masani Bajamushe, Matschie, ya bayyana wani ɗan ɓeran ƙarƙashin ƙasa da aka samo a Kete Karachi, garin da fataken Hausawa suka yi babban zango a cikinsa, wanda a lokacin yana cikin Togo ta Jamus, yau kuwa yana Gana. An sa masa sunan Zech, jami'in da ya riƙe tashar garin kafin daga baya ya zama gwamnan Togo. Idanunsa 'yan mitsi-mitsi ne, haƙoransa a waje suke kamar na gofa, kuma manoman doya da rogo na tsakiyar Gana sun san ɓarnarsa. Akwai ɗan'uwansa a tsaunukan Jos. Masana sun ce babu dangantaka ta kusa tsakanin waɗannan da gofa, zaman rami ne ya sa siffarsu ta zo ɗaya.

Ɓarna da cuta

Asarar hatsi ita ce wadda ido ke gani, amma rami ma yana da tasa illa. Idan ya bi ta ƙarƙashin harsashin katanga ko bakin masai, ruwan sama yakan bi shi ya zaizaye ƙasa, wata rana a ga gini ya tsage. Masu tarihin Larabawa sun daɗe suna ba da labarin cewa ɓera ne ya raunana gindin madatsar ruwan Ma'arib ta ƙasar Yaman. Har ila yau ramin da gafiya ta bari yakan zama mafakar maciji, kuma yaron da ya zura hannu neman nama bai san wanda ke ciki ba. Hayaƙin da ake turawa don a fito da ita kuwa ya sha zama mafarin gobara a lokacin rani.

Batun cuta ya fi wannan nauyi. A watan Afrilu na 2003 an yi jigilar ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa jihar Teksas ta Amurka domin masu kiwon sha'awa, cikinsu har da gafiya. Wasu daga cikin dabbobin suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙyandar biri, suka shafa wa wasu dabbobin ƙasar da aka ajiye kusa da su, daga nan ta kai ga mutane. An lissafa mutum 47 a jihohi 6, cikin ikon Allah ba wanda ya rasu, gwamnatin Amurka kuma ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Gwajin da aka yi ya nuna ƙwayar cutar a jikin wasu daga cikin gafiyoyin. Hanyar kamuwa daga dabba ita ce cizo ko yakushi, ko taɓa jini da ƙuraje wajen fiɗa.

Zazzaɓin Lassa kuma, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, aka kuma same shi a yankin Oti na arewacin Togo a 2016, wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci. Mun kawo shi nan ne domin ƙofar da gafiya ta buɗe a sito, ta nan ƙananan ke shiga.

Hancin da ya ceci rayuka

Duk da haka, adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. A daji gafiya na cin ƙwari da dodon koɗi, ƙwayar da ta binne ta manta kuma takan tsiro ta zama bishiya. A 1997 wani ɗan Beljiyam, Bart Weetjens, ya kafa ƙungiyar APOPO, wadda daga shekarar 2000 ta zauna a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya. A can ake horar da gafiyar gabashin Afirka ta shinshino nakiyar da aka binne lokacin yaƙi. Horon yakan ɗauki kusan shekara, ladanta kuwa ayaba da gyaɗa. Nauyinta bai kai ya tayar da nakiya ba, kuma ƙanshin sinadarin take bi, ba ta tsayawa kan kowane guntun ƙarfe. Filin da ya kai na wasan tanis takan gama shi cikin rabin sa'a, alhali mai na'ura zai iya kwana huɗu a kai.

Sun yi aiki a Mozambik, wadda ta bayyana kanta a matsayin ƙasar da ta rabu da sanannun filayen nakiya a 2015. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi 71 da wasu makamai 38 da ba su fashe ba a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a watan Janairu na 2022. Haka kuma a Tanzaniya da Mozambik da Habasha an yi amfani da su wajen shinshina kakin marasa lafiya domin gano tarin fuka: gafiya ɗaya na duba samfuri 100 cikin minti 20, sannan likitoci su tabbatar da na'ura. Dabbar da muke jifa da dutse a bayan masai, ga shi an rataya wa ɗan'uwanta zinariya a wata ƙasa.

Abin da ya rage gare mu

Gafiya ba ta zama inda babu abinci da mafaka, don haka maganinta na farko yana hannunmu. 'Yan kasuwarmu su ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, yadda za a iya zagayawa a share. Hatsin gida a zuba shi a duro ko randa mai murfi. Iyaye mata su rufe kwanuka kafin a kwanta, kada kuma a shanya gari ko masara a ƙasa a bakin hanya. A kwashe tarin itace da tarkace daga jikin katanga, a toshe rami da tsakuwa da siminti bayan an tabbatar mai shi ya fita. Tarko ya fi guba aminci a gidan da ke da yara da kaji, domin shinkafar ɓera ba ta san bakin wanda ya ɗauke ta ba. Wadda aka kashe ko aka tarar a mace kada a taɓa ta da hannu, a ɗauke da shebur a binne da zurfi.

Iyaye maza kuma su ja kunnen yara kan zura hannu a rami da kunna wuta a bakinsa. Duk wanda dabba ta ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti a ranar. Zazzaɓin da ya zo da ƙuraje ko kumburin kaluluwa bayan an taɓa naman daji, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka taɓa. Kuma tun da ramin gafiya bai san iyakar gida ba, aikin gayya na share kwata da juji kafin saukar damina ya fi ƙoƙarin mutum ɗaya amfani.

Allah Ya tsare mana abincinmu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.