Masu kayan gyaran injinan kafinta a Ƙofar Ruwa

Kayan gyaran tsofaffin injinan kafinta ba su da shago guda da za a nufa a Kano. Sabon inji cikin kwalinsa yana nan a shagunan Sabon Gari, amma idan injin yanka katako ko na gogewa ya shekara ashirin yana aiki sannan wani abu ya ci a cikinsa, hanya takan ɓulle ne Ƙofar Ruwa, wurin masu tsofaffin ƙarafa. Can kafintoci da 'yan katakon Na'ibawa da Rijiyar Lemo suke zuwa da abin da ya lalace ƙunshe cikin leda, domin wannan ciniki na gwaji ne. Wanda ya zo da bayanin baki kawai yakan yi sawu biyu.

A injin hannu, abin da ya fi saurin ƙarewa shi ne kabon, 'yan dunƙulen nan biyu baƙaƙe da suke gogar kan amacha suna ba ta wuta. Idan suka cinye, inji yakan fara tartsatsi, ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Makita tana buga wa nata lamba, irin su CB-153 da CB-303, sai dai ba kullum ake dace da daidai lambar ba. Gwanin rumfa yakan ɗauko wanda ya ɗan ɗara, ya goga shi a samfefa gefe da gefe har ya shige ramin ba tare da matsi ba. Boris kuwa ya fi kowa sauƙin kai, saboda ma'auninsa ɗaya ne a ko'ina: 608 raminsa milimita 8, 6202 milimita 15, 6203 milimita 17. Shi ya sa boris ɗin da aka ciro daga matacciyar fanka ko injin ban ruwa yake tayar da injin kafinta. Dusar katako da ƙurar hunturu su ne ajalinsa, kuma kukansa yakan canza tun kafin ya maƙale.

Wahalar tana ga amacha da koyil. Wuta mara ƙarfi, da janareta mai hawa da sauka, da kafintan da ke danna inji cikin katako mai tauri don ya cika alkawarin kayan ɗakin amarya kafin azumi, duk suna ƙona su. Akwai kuma injinan da aka ƙera don Amurka, masu cin bolt 120, waɗanda suke shigowa cikin kayan gwanjo. Wutar Najeriya 230 ce, wanda ya jona su kai tsaye hayaƙi zai gani. Kowane kamfani da tsayin amacharsa da yawan haƙoran giyarta, ta Bosch ba ta shiga Makita, ta Hitachi ba ta shiga Black & Decker. Su injinan Hitachi ma tun 2018 sunansu ya koma HiKOKI, yaran shago da yawa ba su san gida ɗaya ba ne.

A nan ne mai naɗin waya yake cin abincinsa, kuma shi ne mutumin da ya fi cancantar a tsaya a kalla a duk layin. Yakan sunsuna amacha tukuna, domin ƙonannen banish ba ya ɓoye warinsa. Sai ya yanke tsohuwar waya yana warwarewa yana ƙirga zagaye, ya rubuta adadin a bayan kwali, ya gwada kaurinta, ya shimfiɗa takarda a kowane rami, ya naɗa sabuwa da hannu, ya shafa banish ya bar ta ta bushe. Idan ya rage zagaye inji zai yi zafi, idan naɗin ya rinjayi gefe guda zai riƙa karkarwa har ya ci boris. A da babu mai tambayar irin wayar, jan ƙarfe ce zalla. Yanzu alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe ya cika kasuwa, dole mai saye ya kankare bakin waya da wuƙa: in fari ya leƙo daga ciki, jabu ce, ba za ta jure zafi ba.

Manyan injinan teburi, irin Wadkin na Ingila, nasu lissafin daban ne. Gangar jikinsu zubin ƙarfe ce da ba ta jin shekaru, amma tsofaffin cikinsu da inci aka auna su, noti da kusoshin milimita ba sa kama su. Maganinsu shi ne a sami wani mataccen irinsu a farke, ko a kai samfuri wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da sabo.

Ciniki yakan fara da mai kaya yana juya amacha a hannu yana cewa, "Maigida, wannan cirewa ce daga inji, ba naɗi ba ce." Kafinta ya taya rabi, a ce masa albarka. Ya kawo kukan aikin mutane da ke hannunsa, mai kaya ya kawo kukan dala. Kukan dalar gaskiya ne: bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin takaicin shi ne har kayan da suka shekara goma a ƙasan buhu, waɗanda ba su san hanyar tashar jirgin ruwa ba, sun bi dala sun hau. Daga ƙarshe a sallama bisa sharaɗin in bai shiga ba a dawo da shi a canza, kuɗi dai ba ya komawa.

Tarin matattun injinan da ake tsintar kayan gyara a ciki kullum raguwa yake yi. 'Yan gwangwan suna saye da kilo, kuma tun da jan ƙarfe ya yi daraja, injin da kabon kawai yake nema sai a fasa shi da guduma a zare wayarsa a kai sikeli. Sababbin injina masu araha kuwa, yawanci daga Sin, sunansu yakan canza daga kwantena zuwa kwantena, babu tabbacin za a sami giyarsu baɗi, kuma kuɗin naɗa amacharsu yakan kusa kuɗin sabo. Masu batir sun zo da nasu ciwon: idan kamfani ya daina yin irin batirin, sai a buɗe kwanson a cusa ƙwayoyin 18650 da aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta, waɗanda ba a yi su don jan wuta mai nauyi ba. Samarin da a da za su zauna gaban mai naɗin waya su koyi ƙirga zagaye, da yawansu sun koma gyaran wayar salula da haɗa sola, inda kuɗi ya fi saurin shigowa.