Fanshon nakasa a Nijar: matsayin ma'aikacin da doguwar rishin lafiya ta raba da aiki

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu duba halin ma'aikacin kamfani ko na wata ma'aikata mai zaman kanta wanda ciwo ya kwantar har ya bar aiki kafin shekarun ritaya. Ba mu haɗa da ma'aikatan gomnati ba, domin su asusun CARENI ne ke kula da fanshonsu.

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, rassa uku gare shi: kuɗin iyali, haɗarin aiki, da fansho, wanda dokar 1967 ta tsara. Babu reshen rishin lafiya. Saboda haka da farko nauyin majinyaci yana kan ubangidan aikinsa. Kundin dokokin aiki na 2012 ya tanadi a dakatar da yarjejeniyar aiki har wata 6 idan lokotoron da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwon, kuma ana iya ƙara wa'adin har lokacin da aka maye gurbin mutumin. Bayan nan ne maganar fansho ke tasowa.

Sai mu yi hattara da kalmar "nakasa" da muke fassara invalidité da ita. A kunnen Bahaushe, nakasasshe shi ne gurgu, makaho ko kuturu. Doka kuwa ba gaɓa take dubawa ba, abin da mutum ke iya samu take aunawa: wanda ciwo ya hana shi samun fiye da kashi 1 cikin 3 na abin da takwaransa mai irin horonsa ke samu, shi ne nakasasshe. Ke nan mai ciwon zuciya ko na ƙoda yana iya shiga ciki ko da gaɓoɓinsa cikakku ne. A ganinmu wannan saɓanin ma'ana kaɗai ya isa ya hana mai haƙƙi neman haƙƙinsa.

Sauran sharuɗɗan na lokaci ne: ciwon ya same shi kafin shekarun ritaya, ya yi shekara 5 da rajista a CNSS, kuma an yi masa zubi na wata 6 cikin wata 12 da suka gabaci farkon kasawarsa. Wannan na ƙarshe shi ne mai tsauri.

Mu ɗauki misalin direban wani kamfani a Maraɗi, mai shekara 12 da rajista, wanda ɓarin jikinsa ya shanye a farkon Maris. In an kai shi wurin lokotoro nan take, an rubuta ranar, to watanni 12 na baya duka cike suke da zubi. Amma in dangi suka wuce da shi ƙauye neman maganin gargajiya, albashi ya tsaya, takardar farko ba ta fito ba sai Nuwamba, to idan da ranar takardar aka yi lissafi wata 4 kawai za a samu: Nuwamba, Disamba, Janairu da Fabrairu. Ciwo ɗaya, shekarun aiki ɗaya, amma sai ya yi faman kawo shaidar cewa tun Maris ya kasa. Haka ma wanda ubangidansa bai kai zubinsa ba, ko bai ma yi masa rajista ba.

Idan an amince, ana lissafa fanshon bisa matsakaicin albashi da yawan watannin zubi, ana kuma ƙara masa wata 6 a kan kowace shekara da ta rage masa ya kai 60. Wanda ba ya iya hidimar kansa sai da mai taimako ana ƙara masa rabin fanshon. In ya kai shekarun ritaya, sai a mayar da shi fanshon tsufa.

Ciwon da aiki ne ya haddasa shi kuwa, kamar na ƙurar ma'adinai, reshen haɗarin aiki ne ke ɗaukarsa, kuma can ba a neman shekara 5 ɗin.