YADDA WAƊANSU ƘUNGIYOYI SUKA TA DA TSAKIYAR BIRNIN PITTSBURGH

A ƙasar Amurka, cikin Jihar Pennsylvania, akwai wani birni ana ce da shi Pittsburgh. An kafa shi ne a daidai inda koguna biyu, watau Allegheny da Monongahela, suka gamu suka zama kogi ɗaya mai suna Ohio. Ƙasar da ke tsakanin kogunan nan ta yi tsini kamar kan mashi, nan ne kuwa cibiyar garin, inda bankuna da kantuna da manyan ofisoshi su ke.

Arzikin garin daga ƙarfe ya ke da kwal, to, su ne kuma suka so su kashe shi. Hayaƙin ma'aikatun narka ƙarfe, da na jiragen ƙasa, da na gidajen da ke ƙona kwal don jin ɗumi, ya kan rufe sama har wata rana sai an kunna fitilun titi da tsakar rana. An ce akawu ya kan zo ofis da riga biyu, don kafin azahar farar da ya sa da safe ta yi baƙi. Ana cikin wannan hali kuma, a watan Maris 1936, kogunan suka cika suka yi ambaliya, ruwa ya kai ƙafa 46 a bakin tsinin nan, ya shiga kantuna da ofisoshi. Darajar filaye ta faɗi, manyan kamfanoni suka fara shawarar ƙaura.

Cikin 1944, tun ba a gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai attajiran garin da shugabannin jami'o'insa suka kafa wata ƙungiya mai suna Allegheny Conference. Ba kamfani ba ce, don ba ta neman riba, ba kuma reshen Gwamnati ba ce, don ba ta da ikon sa haraji ko kafa doka. Aikinta shi ne ta ɗauki gwanaye su auna, su zana tsari, sa'an nan ta bi ofis ofis har a aikata. Ƙarfinta kuwa daga Richard King Mellon ya ke, mai babban bankin garin, wanda shugabannin kamfanoni ba su iya ƙin amsa kiransa.

Abin da ya kamata ma'aikacin hukuma ya lura da shi a nan shi ne, kuɗi kaɗai ba su yi aikin ba. Shugaban birnin, David Lawrence, wanda ya kama aiki a 1946, ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, Mellon kuwa ɗan Rifablikan, kuma ba abokan hira ba ne. Amma kowa ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa: ɗaya na da doka da ƙuri'ar talakawa, ɗaya na da dukiya da kunnen masu ita. Dokar hana hayaƙi, wadda aka yi tun 1941 yaƙi ya hana a zartar, aka soma aiki da ita a 1946. Gidaje suka koma ga iskar gas, jiragen ƙasa suka koma ga man dizal, cikin 'yan shekaru mutane suka riƙa ganin rana sosai. A bakin tsinin aka kwashe tsofaffin sitoci da layukan dogo, aka yi lambun shan iska mai eka 36, kusa da shi kuma wani kamfanin inshora ya gina dogayen benaye na ofisoshi. A 1955 aka buɗe dandalin Mellon, lambu a bisa, wurin ajiye motoci a ƙarƙashi. Daga garuruwa da dama aka riƙa zuwa kallo da koyo.

To, amma akwai wani ɓangaren labarin da masu zuwa kallo ba su cika tambaya ba. Gab da tsakiyar garin, a gindin wani tudu, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Lower Hill, mazaunanta galibi baƙaƙen fata ne, tare da waɗansu baƙi 'yan ci-rani daga Turai da Sham. Gidajen sun tsufa, gaskiya ne, waɗansu ma sun lalace ƙwarai, amma unguwa ce mai rai, da kantunanta da majami'unta da gidajen kiɗa waɗanda suka yi suna a duk Amurka. Masu tsari suka duba taswira suka ga kango. Daga 1956 aka shiga rushewa, aka ta da mutum wajen 8,000 da ɗaruruwan masu sana'a, aka gina wani katafaren zauren wasanni mai rufin ƙarfe wanda aka buɗe a 1961. Sauran gine-ginen da aka yi alkawari yawancinsu ba su zo ba, sai filin ajiye motoci fetal. A ganina laifin ba na mugun nufi ba ne kaɗai. Teburin da aka yanke shawarar nan, babu ko mutum ɗaya daga unguwar da ya zauna a kansa da ikon cewa a'a. Da aka so a ci gaba da rushewa zuwa saman tudun, mutanen wurin suka tsaya a bakin titin Crawford suka ce iyaka ke nan, aka kuwa tsaya.

Bayan haka ma'aikatun ƙarfe suka durƙushe, musamman daga 1980 zuwa gaba. Birnin da ke da mutum fiye da 670,000 a 1950 ya dawo wajen 300,000 a ƙidayar 2020. Da dare tsakiyar gari ta kan zama kufai, wani sashe nata kuma ya koma matattarar masha'a.

Ƙungiya ta biyu da ta taso ta bi wata hanya dabam. H. J. Heinz na Biyu, jikan mai kamfanin miyar tumatir ɗin nan, shi da abokansa sun riga sun ceci wani tsohon gidan silima daga rushewa, suka gyara shi ya zama zauren kiɗa a 1971. A 1984 suka kafa Pittsburgh Cultural Trust, ita ma ba ta neman riba. Maimakon ta share unguwa ɗungum, sai ta riƙa sayen gine-gine ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gudummawa, tana gyarawa tana sa masu wasan kwaikwayo da masu zane a ciki. A 1987 ta sake buɗe wani babban gidan silima da sunan Benedum. Da mutane suka fara zuwa kallo da maraice, sai masu gidajen abinci suka biyo su, a bayansu kuma masu neman ɗakin haya. Aikin ya yi jinkiri, ya ci shekaru da yawa, amma ginin da aka tarar shi ne aka bari tsaye.

Zauren wasannin nan kuwa da aka ta da unguwa dominsa, an rushe shi tsakanin 2011 da 2012. Wata majami'ar baƙaƙen fata mai suna Bethel, wadda aka rushe a 1957, ta yi ta neman hakkinta, sai a 2023 ƙungiyar wasan da ke riƙe da ikon gina filin a lokacin ta yarda ta ba ta eka ɗaya da rabi a cikinsa, bayan shekara 66.